Ɗan Bakin Iyaka Tsakanin Zumunci Da Amanar Hukuma

Wanda ya san ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, watau daga Illo zuwa Lolo, daga Ka'oje zuwa Tsamiya, ya san da wuya a sami babban gida wanda ba shi da jini a hayin iyaka. Wani mahaifiyarsa mutuniyar Madekali ce, wani ƙanwarsa tana aure a Malanbil, wani kuwa kakansa yana kwance a maƙabartar Segbana, alhali dukkan garuruwan nan uku a cikin Jamhuriyar Benin suke. Ana zuwa suna, ana zuwa ta'aziyya, ana cin kasuwar juna, ba wanda ya ɗauki wannan abin magana ne sai ranar da ɗan gidan ya gama makaranta ya nemi aikin soja, ko kwastan, ko shige da fice, ko kuwa aikin hukumar tsaro ta farin kaya. A ranar ne za a zaunar da shi a tambaye shi inda aka haifi uwarsa da ubansa, da ko yana da dangi a wata ƙasa, da yadda yake hulɗa da su. A nan ne matsalar take tasowa. Shin hukuma tana da ikon ta yi masa wannan tambaya, har ta hana shi riƙe asirinta saboda amsar da ya bayar? Shi kuma, in ya ga gaskiya za ta raba shi da aikin da ya daɗe yana nema, ya halatta ya ɓoye kawunnansa?

Kafin a shiga hukunci ya kamata a tuna cewa zumuncin nan ya girmi iyakar. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa sun zauna gefen Kwara suna auratayya tun ba a san Bature ba. Cikin shekarar 1894 ne Kyaftin Lugga na Ingila da wani hafsan Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa ƙulla alkawari da Sarkin Bargu. Da rigimar ta yi tsanani sai ƙasashen biyu suka zauna a birnin Faris, ran 14 ga watan Yuni na 1898, suka ja layi a kan takarda, suka ce zai faɗa Kwara mil goma sama da Giris, mashigin Illo. Da haka aka raba Bargu biyu, aka raba Dandi, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazauna wurin ba. Wanda ya kwana a gabas ya tashi talakan Ingilishi, wansa na yamma ya tashi talakan Faransi a ƙasar da aka kira Dahomey, wadda ta sake suna ta zama Benin cikin 1975. Saboda haka saurayin da ake tambaya bai tsallaka iyaka ya nemo dangi ba. Iyakar ce ta ratsa ta tsakar gidansu.

Amma fa wannan ba ya nufin tsoron hukuma na banza ne, kuma duk wanda ya ce haka bai yi adalci ba. Cikin watan Nuwamba na 2024 rundunar tsaron Nijeriya ta bayyana ɓullar 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma a watan nan ne suka kashe mutane a garin Mera na ƙasar Augie. A hayin Benin kuwa, cikin watan Afrilu na 2025, gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a dajin arewacinta. Kafin wannan, cikin Agusta na 2019, Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwauri, mutanen bakin iyaka kuwa sun ga yadda labarin sintiri ya zama haja mai tsada a wancan lokaci. Jami'in da ya san daren da za a fita da hanyar da za a bi yana riƙe da rayukan abokan aikinsa a tafin hannunsa. In yana da kawu mai fataucin kaya a Malanbil, ko mahaifiya a ƙauyen da 'yan bindiga suke karɓar haraji, to, akwai ƙofar da za a iya biyowa a matsa masa. Musulunci bai musanta wannan ba, domin abin ya taɓa faruwa a Madina ga mutumin da ya fi kowane jami'i na yau daraja.

Labarin yana cikin Buhari da Muslim. A shekara ta 8 bayan Hijira, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake shirin tafiya buɗe Makka, ya ɓoye al'amarin don kada Ƙuraishawa su sami labari su yi shiri, jini ya zuba da yawa. Sai wani sahabi mai suna Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya rubuta takarda zuwa ga manyan Makka yana sanar da su, ya ba wata mace ta tafi da ita. Allah Ya sanar da Annabinsa, shi kuwa ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu, Allah Ya yarda da su, suka tarar da matar a wani wuri da ake kira Raudatu Khakh. Ta yi musu, suka tsananta, ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Da aka kawo, Annabi bai yanke hukunci ba sai da ya kira Haɗibu ya tambaye shi dalili. Haɗibu ya roƙi kada a yi gaggawa a kansa. Ya bayyana cewa shi ba Baƙuraishe ba ne na asali, zaman amana yake yi a cikinsu, sauran Muhajirai kowa yana da dangi a Makka masu kare masa iyali da dukiya, shi kuwa iyalinsa ba su da kowa, shi ya sa ya so ya yi wa Ƙuraishawa wani abin da za su dube shi su ƙyale su. Ya rantse ba don ya bar addini ya yi ba. Annabi ya gaskata shi. Sayyidina Umar ya nemi izini ya sare kansa, Annabi ya hana, ya tuna masa cewa mutumin nan ya halarci Badar.

Mai karatu ya dubi wane ne wannan mutum. Ba munafuki ba ne, ba kuma sabon shiga ba ne. Ya yi hijira, ya yi yaƙin Badar, shi ne ma Annabi ya amince wa ya kai takardarsa zuwa ga Muƙauƙisu mai mulkin Masar. Duk da haka tunanin 'ya'ya a hannun maƙiya ya karya shi. To, in ɗan Badar ya faɗi ta wannan ƙofa, babu wani saurayin zamani da zai ce an ci mutuncinsa don an tambaye shi su wa yake da su a ƙetare. Haka kuma ya faru ga Abu Lubaba ranar da aka kewaye Banu Ƙuraiza, waɗanda yake da tsohuwar hulɗa da su: tausayi ya kama shi ya yi musu nuni da hannu a maƙogwaro, ya tona abin da bai kamata ya tona ba, har nadama ta sa ya ɗaure kansa a ginshiƙin masallaci. Malaman tafsiri da yawa sun ce a kansa ne ayoyi na 27 da 28 na Suratul Anfali suka sauka, inda aka hana cin amana, nan take kuma aka faɗakar cewa dukiya da 'ya'ya jarrabawa ne. Laifin ma ba ƙarami ba ne a wurin malamai, domin Imamu Malik ya bar hukuncin Musulmin da ya yi wa maƙiya leƙen asiri ga ijtihadin shugaba, wasu almajiransa kuwa sun tsananta har suka ce a kashe shi. Tambaya dai ta halatta, in aikin ya shafi rayukan jama'a ma ta zama wajibi.

Sai dai labarin Haɗibu yana da wani gefe wanda masu tantancewa suka fi mantawa da shi. Kusan kowane Bamuhajire yana da uba ko ɗa ko ɗan'uwa a Makka a cikin sahun maƙiya. Matar Annabi, Ummu Habiba, 'yar Abu Sufyanu ce shugaban Ƙuraishawa. Da dangin ƙetare su ne laifi, da ba a sami wanda za a ba tuta ba a Madina. Amma bayan an kama takardar ba a ji an tara Muhajirai an raba su da amanar da ke hannunsu ba, ba a kuma ce daga yau Ansaru kaɗai za a riƙa gaya wa asiri ba. Mutum ɗaya ya yi laifi, shi ɗaya aka kira. Wani abin lura kuma shi ne, bisa ga bayanin Haɗibu, masu dangi da yawa a Makka su ne hankalinsu yake kwance. Wanda ya faɗi shi ne wanda iyalinsa ba su da gata, ya kuwa haɗiye damuwarsa bai kai ta gaban shugaba ba, ya nemi mafita a ɓoye. Watau haɗarin yana wurin dangi marasa kariya da zuciya mai ɓoyewa, ƙidayar 'yan'uwa kuwa ba ta nuna ko ɗaya daga cikin biyun.

Surar da ta sauka a kan wannan al'amari, Suratul Mumtahana, ta fara da hana jiɓintar maƙiya, amma a aya ta 8 ta bayyana cewa ba a hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata daga Makka tana mushirika, ya umurce ta da ta sadar da zumuncinta. In haka ne ga uwa mushirika daga garin da ake gaba da shi, ina ga uwa Musulma a Madekali, a ƙasar da ba ta yaƙi da Nijeriya, wadda ma suke cikin ƙungiya ɗaya ta ƙasashen Afirka ta Yamma tun 1975? Babu hukumar da take da ikon ta sa wa mutum sharaɗin yanke zumunci kafin ta ba shi aiki. Sunan surar kansa daga jarrabawa aka samo shi, domin a aya ta 10 an umurci a jarraba matan da suka yi hijira bayan sulhun Hudaibiyya. Jarrabawar kuwa tambaya ce da rantsuwa a kan dalilin fitowarsu, in sun amsa aka ga alamar gaskiya a karɓe su, abin da ke zuci a bar wa Allah.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Illo yana da ma'aunin da ya dace da wannan matsala sosai. A babin shaida na Risalar Ibn Abi Zaid, wanda kowane almajiri ya sani, ba a karɓar shaidar ɗa ga iyayensa, ko ta iyaye ga ɗansu, ko ta miji ga matarsa. Dalili shi ne tuhuma, domin zuciya tana karkata ga nata. Amma alƙalin da ya mayar da shaidar uba a shari'ar ɗansa bai ce uban fasiƙi ba ne. Gobe in shari'ar wani ta zo, zai karɓi shaidarsa da hannu biyu. An janye shi ne daga magana ɗaya inda jininsa yake ciki, adalcinsa yana nan daram. Har ila yau alƙali ba ya dogara ga zato wajen sanin adalin mutum, sai ya nemi masu tsarkake shaidu, watau mutanen da suka zauna da shi, suka yi ciniki da shi, suka san fitarsa da shigarsa. Da hukuma za ta bi wannan, sai ta ce wa ɗan Lolo ba za a ajiye shi a shingen da motocin kawunsa suke bi ba, za a kai shi wani wuri, ba kuwa za ta ce masa bai cancanci kaki ba. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tafiya mai nisa: ta farko kariya ce gare shi da aikinsa, ta biyu kuwa ɗora wa mutum nauyin da ba shi ya ɗauka ba, abin da Alƙur'ani ya kore a Suratul An'ami da Faɗiri da wasu wurare.

Nijeriya ta riga ta ga inda zargin asali yake kaiwa in ya faɗa hannun masu son zuciya. Cikin watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka kai shi aka ajiye a ƙasar Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne saboda asalin mahaifinsa. Babbar Kotun Maiduguri ta soke umurnin ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ma ba ta ba gwamnati gaskiya ba. Bayan shekara 39, a shari'ar zaɓen 2019, aka sake jin irin wannan, inda aka ce Alhaji Atiku Abubakar ba haifaffen Nijeriya ba ne don Jada tana ƙarƙashin Kamaru ta Ingilishi lokacin da aka haife shi, kotu kuma ta yi watsi da maganar. Waɗannan manya ne masu lauyoyi, jaridu suna bin labarinsu. Ɗan talakan Tsamiya da aka soke sunansa a ofis saboda garin mahaifiyarsa ba wanda zai ji, shi kansa ma ba lalle a gaya masa dalili ba. Alhali kuwa sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, sashe na 42 kuma ya hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Ko Amurka, wadda take tsananta binciken masu riƙe asirinta, ta sha ɗacin wannan darasi: cikin 1942 ta tsare mutane wajen 120,000 masu asalin Japan, yawancinsu 'yan ƙasarta, sai a 1988 ta nemi gafara ta biya diyya. Ƙa'idojinta na tantancewa suna duba wace ƙasa ce dangin suke, da ƙarfin hulɗar, da ko mutum ya bayyana ta da kansa, ba su mai da samun dangi a waje ya zama hukuncin kora kai tsaye ba.

Bugu da ƙari, abin da ake gudu sau da yawa shi ne abin da ake bukata. Ranar Hudaibiyya, da Annabi ya so ya aiki Umar zuwa Makka, Umar ya nuna cewa ba shi da dangin da za su tsaya masa a can, ya ba da shawarar a aiki Usman wanda danginsa Banu Umayya suke da ƙarfi a garin, aka kuwa aike shi. Saurayin da yake jin Dandanci da Fulatanci da ɗan Faransanci, ya san mashigai da ranakun kasuwa, ya san baƙo daga ɗan gari, ya fi amfani a bakin Kwara bisa ga wanda aka kawo daga nesa yana neman tafinta. In aka kori irinsa, hukuma ta toshe kunnenta da hannunta, sa'an nan ta koya wa garuruwan iyaka cewa ba a ɗauke su 'yan gida ba, wannan kuwa ita ce maganar da masu ɗauke da makamai suke so su ji.

Saura nauyin da ke kan mai neman aikin, shi ne mafi ɗaci. Ba ya halatta ya yi ƙarya, ko da yana ganin gaskiyar za ta cuce shi. Wanda ya rubuta cewa uwarsa 'yar Ka'oje ce alhali 'yar Segbana ce ya shiga aikin amana ta ƙofar ha'inci, dagaci ko hakimin da ya sa masa hannu yana sane kuwa ya yi shaidar zur. Ban da zunubi ma, ƙaryar ita ce igiyar da za a ja shi da ita. Dangin da aka bayyana ba su zama makami a hannun kowa ba, amma ranar da ɗan fasa-ƙwauri ya gane jami'i ya ɓoye asalinsa, ya sami bawa, domin kalma ɗaya ta isa ta raba shi da aiki. Misalin da ya kamata saurayi ya riƙe shi ne na Huzaifa ɗan Yamani. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanya gab da yaƙin Badar, ba su sake su ba sai da suka karɓi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso ba su ɓoye ba, suka faɗa masa yadda aka yi. Annabi ya ce su koma Madina a cika alkawarin, ga shi kuwa a ranar Musulmi suna bukatar kowane takobi. Huzaifa ya rasa Badar saboda gaskiyar da ya faɗa, amma shi ne daga baya Annabi ya danƙa wa sunayen munafukai, asirin da ko Umar bai sani ba.

Akwai kuma hali mai wuya wanda ba a so a ambata, watau in ɗan'uwan na ƙetare an san ya shiga cikin 'yan bindiga, ko da su yake ci. A nan ma bayyanawa ce ta wajaba, gama aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umurci a tsaya da shaidar gaskiya ko a kan kai ne ko iyaye da makusanta. In hukuma ta ga a irin wannan hali ba za ta ba shi aikin da ya shafi wannan yanki ba, ko ma wani asiri na musamman, ba ta zalunce shi ba, muddin ta dogara ga abin da ta tabbatar kamar yadda Suratul Hujurati ta koyar, ba ga takardar da wani maƙiyinsa ya jefo ba suna ba. Jami'in da ya riga ya shiga aiki kuma, in wata rana aka aiko masa cewa ana barazana ga mahaifiyarsa sai ya faɗi ranar sintiri, wurin shugabansa zai nufa tun kafin gari ya waye. Shugaban nan kuwa wajibi ne ya kasance wanda za a iya kawo wa irin wannan magana, ya sauya wa yaron wurin aiki, ya nemi hanyar da za a tsamo tsohuwar, ya rufa masa asiri.

Wannan na ƙarshe shi ne inda al'amarin ya fi tsayawa, domin ba a raba gaskiyar mai amsa da adalcin mai tambaya. In samari biyu suka fito daga Lolo, ɗaya ya faɗi kawunnansa aka sallame shi, ɗaya ya ɓoye nasa aka ba shi kaki, to, kafin baɗi duk garin ya san amsar da ake so, kuma babu uban da zai sake barin ɗansa ya rubuta Madekali a takarda. Wanda aka sallama ya tsira da addininsa, arzikinsa kuma yana wurin Allah, ko da zai koma noman shinkafa a fadama. Mai tantancewar da ya soke shi don ya huta da bincike shi ne zai amsa tambaya a kan haƙƙin yaron, da kuma kowane maƙaryacin da ya shigo bayansa ta ƙofar da ya nuna musu. Abin da aikinsa ya ɗora masa ba shi da yawa: ya tashi daga kujera ya je garin, ya tambayi liman da mai unguwa da malamin da ya koyar da yaron, ya ji su wane ne dangin nan da abin da suke yi, sa'an nan ya kira yaron ya faɗa masa abin da aka samu, ya ba shi dama ya yi bayani kamar yadda aka ba Haɗibu.